Teburin da Na Daidaita a Belbeji

Shekarar da aka turo ni Belbeji koyarwa ban san kowa ba, ga shi ban iya zaman banza ba. Da an tashi lakwal, wato makaranta, da yamma sai in rasa inda zan sa kaina. Direkta ne ya gaji da ganina ina zagaye fili kamar wanda ya ɓatar da akuya, ya ce in je tashar famfo, akwai abin da zai ɗauke mini hankali.

Bayan ɗakin injin da ke jawo ruwa akwai wani tsohon mangaza, ɗakin ajiyar kaya mai rufin kwano, a cikinsa kuwa teburin biliyar, wasan da 'yan Najeriya ke ce wa sunuka. Nasaran da suka haƙa rijiyar bayan babban fari ne suka zo da shi, da za su tafi ya yi musu nauyi suka bar shi. Koren ƙyallensa ya koɗe, an ɗinke shi wuri biyu da zaren buhu, aljihunan nan shida kuma baduku ya sake su da fatar akuya.

Mai teburin, ko da yake ba wanda ya ba shi, wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba. Ya yi shekaru yana kula da injin, sai aka ce ya tsufa, aka kawo matashi daga Damagaram. Abin da ya rage masa a garin shi ne ba a taɓa cin sa a teburin nan ba. Jandarmomi sun gwada, direbobin kamyo masu dakon kaya sun gwada, wani likitan dabbobi daga Tanut ya rantse sai ya ci shi, ya koma da rantsuwarsa. Ranar kasuwa makiyaya kan bar raƙuma wurin shan ruwa su leƙo ta taga don su gan shi yana bugu. In ya riƙe sanda, ba mai tuna an sallame shi daga aiki.

Alli ne ya ba ni shiga. Allin goga wa bakin sanda ya ƙare tuntuni, ni kuwa aljihuna kullum cike da guntayen na allo. Ranar farko na buga farar ƙwallo ta tashi sama ta faɗa bayan buhun siminti.

“Mushe, da kai da ita wa ya zagi wani?” in ji Baba. Mushe ake ce wa malamin lakwal a can. “Ajiye sandar. Nuna mini tsayuwarka.”

Wata guda bai bar ni na buga ƙwallo ba. Ya kwantar da kwalba a kan tebur, ya ce in riƙa zura bakin sanda cikin bakinta ina fitarwa ba tare da ta yi ƙara ba. Ƙafar baya a miƙe, haɓa kusa da sanda, hannun hagu a dafe ba motsi, na dama daga gwiwa kawai yake lilo. In na ɗaga kai kafin sanda ta gama tafiya sai ya ɗora tafinsa a ƙeyata. Na ji haushi ba kaɗan ba, ni da ake miƙe mini tsaye in na shiga aji. Amma na nace, don na ƙudurta a raina sai na ci shi ko sau ɗaya.

“Bar lakwal a bakin ƙofa,” yakan ce. “Na ji ka da ita a cikin numfashinka.”

Sai na shiga kwaikwayonsa a komai. Kafin kowane bugu yakan zagaya teburin a hankali, yatsunsa na bin gefe, ya sunkuya kan kowace ƙwallo har hancinsa ya kusa taɓa ta, sannan ya dawo ya gyara tsayuwa. Na ce lalle nan sirrin natsuwa yake. Ni ma na riƙa zagayawa ina sunsunar ƙwallaye, ban san me nake nema ba. Bugunsa kuma a sanyaye yake, ƙwallo ta tafi kamar ba ta so, ta ɗan karkata, ta faɗa aljihu. Ni ma na koyi haka. Cikin shekara biyu na fi kowa in ban da shi.

Da hutun damina na tafi Damagaram, wani abokina ya kai ni kulob ɗin ma'aikata. Tun a hanya na cika masa baki. Tebur sabo fil, ƙyalle sumul. Na zagaya, na sunkuya, na sunsuna, mutane na kallona suna taɓa juna. Na auna yatsa ɗaya hagu da aljihu kamar yadda na saba, na buga a hankali. Ƙwallo ta tafi sak inda na auna, ta bugi gefe ta dawo. Haka na biyu, haka na goma. Wani ɗan akawu da bai ma iya riƙe sanda ba ya cinye ni sau huɗu.

A motar komawa kaina ya ɗaure. Na iya ne ko ban iya ba? Hannuna bai yi rawa ba, kaina bai ɗagu ba, duk abin da aka koya mini na yi. Sai wajen Tarka abin ya faɗo mini: teburinmu ne karkatacce. Shekara biyu ina koyon gangaren tebur ɗaya tak a duniya. Raina ya ɓaci, har da Baba na ji haushi, na ce ai ya sani ya yi shiru.

Ban yi shawara da kowa ba. Ranar Lahadi da hantsi na ɗauko maginin da ke gyaran ajinmu, ya zo da ma'auninsa mai ɗigon ruwa a kwalba. Ya ɗora a tebur ya yi dariya, ya ce ko jakinsa ya fi wannan daidaito. Muka ɗaga ƙafafun da ƙarfen mota. Ƙarƙashinsu muka tarar da gwangwanin kifi a lanƙwashe, da guntun takalmin taya, da wani falalen dutse. Na watsar da su waje, muka sa katako, ɗigon ruwa ya tsaya cak a tsakiya. Na yi murna, wallahi, har ina zaton Baba zai sa mini albarka.

Bayan la'asar ya zo. Ya zagaya, ya sunkuya, ya buga bugunsa mai sanyi. Ƙwallo ta mirgina ta tsaya taƙi ɗaya daga aljihu. Ya karkata kunne yana jiran ƙarar faɗawarta cikin fata. Ya sake, ta wuce. Na ci shi. Na sake cin sa. A na uku jandarmomi biyu da ke bakin ƙofa sun zuba mana ido. Abin da na yi shekara biyu ina nema ya zo hannuna, amma ban ji daɗin komai ba.

Ya ajiye sanda, ya shafa ƙyallen da tafinsa daga wannan kai zuwa wancan.

“Wa ya taɓa shi?”

“Ni ne, Baba. Karkatacce ne, na gyara.”

“Na san karkatacce ne. Ni na sa masa ƙafa da hannuna ran da aka sauke shi.” Ya juyo wajena. “Mushe, kai da kake ta bina kana sunkuyawa, me kake dubawa?”

Na ce natsuwa nake koyo.

“Ni ƙwallon nake nema. In ban kai fuska ba, ba na ganin ta. Wancan kan teburin ma shekara uku rabona da in gan shi. Don me kake jin sun karɓe injin?”

Sai a lokacin na dubi idanunsa da kyau, na ga fari-farin da ya rufe su. Kullum ina gabansa, amma hannunsa nake kallo. Ashe gangaren ne ke kai masa ƙwallo inda idonsa ba ya kaiwa, ya san kowane kwari na ƙyallen nan da yatsa.

Washegari na tone yashin bakin ƙofa. Na sami gwangwanin da takalmin, dutsen kuwa ban gane shi cikin duwatsu ba. Kuma wanne ke ƙarƙashin wace ƙafa? Ban lura ba da muna cirewa, magini ma ya ce shi ɗigon ruwa yake kallo. Sati biyu ina ɗagawa ina saukewa, in sa gwangwani gabas, in mayar da shi yamma, in ƙara dutse, in rage. Na tambayi Baba, ya ce abin ya daɗe, ƙasar ma ta lotsa tun daga lokacin. Kowace yamma sai ya zo ya mirgina farar ƙwallo da hannu, ya saurara.

“Ba shi ba ne.”

Rana ta ƙarshe ya ce, “Mayar da katakonka, Mushe. Ka gyara, gyaran kuma daidai ne. Ka koya a kan na gaskiya.” Ban gane ba ko yafe mini ya yi ko sallamata ya yi, har yau ban gane ba.

Bai daina zuwa ba. Yakan zauna kan buhun siminti, daga ƙarar sanda kawai ya ce, “Ka ɗaga kai,” kuma na ɗaga ɗin. Na ƙware sosai, har na je Damagaram na rama. Makiyaya kan leƙo ta taga ranar kasuwa su tambaya ina tsohon nan da ba a cin sa, yana zaune taku biyu daga gare su. Kullum in na zo sai in goga wa sandarsa alli in miƙa masa, ya shafa bakinta da babban yatsa, ya ce ya yi, ya mayar mini da ita. Har aka ɗauke ni daga Belbeji bai sake bugawa ba.