Iskar da Kaka ta yi wa hayaƙi

Shekarar korona aka rufe lakwal, wato makaranta, aka rufe iyaka, manyan motocin da ke wucewa ta ƙofar gidanmu a Tasawa suka ɗauke ƙafa. Kakata mai ciwon fuka, wadda ta saba kwana zaune tana neman numfashi, sai ga ta tana daka tana waƙa. Wallahi mun yi murna.

Rannan rediyo ta ce cutar ta iska take zuwa. Kaka ta dafe ƙirji. A wurinta iska mai sa ciwo ɗaya ce, ta kan tsamiya, maganinta kuma hayaƙi. Daga nan kullum bayan magariba sai ta tara mu a ɗakinta, ta ja ƙyaure, ta zuba saƙe-saƙi a garwashi, ta buɗe tatsuniya da cewa, "To, ga ta ta iso, ku karɓe ta."

Tatsuniyar ba ta sauyawa. Wata iska ce aka sare mata itaciyarta, ta bi gari tana neman masauki a hancin mutane. Ta shiga na maƙeri, ta shiga na mai kuturun rowa, amma gidan tsohuwa mai turare ta yi atishawa ta gudu.

Na ce, "Kaka, wace iskar? Ta shaƙa ko ta tsoro?"

"Kai, angona, ka cika surutu! A cikinsu wace ka taɓa gani da idonka?"

Idanunmu na ruwa, ita tana tari tana dariya, wai ga shi nan mugun abu na fita. Mu ma mun yarda, tunda mun ga ta samu sauƙi.

Da damina tarin ya dawo da ƙarfinsa, daidai lokacin da motoci suka dawo hanya. Ba ta ga lokacin kaka ba, Allah ya jiƙanta.

Likita ya ce hayaƙin ɗaki ne ya cinye mata ƙirji. Baba, wanda direba ne, ya ce na motoci ne, ya daina kallon tasa motar kwana da kwanaki. Gwaggo ta ce laifinmu ne, mu yara muna buɗe ƙyaure.

Na girma, na yi karatu, har yau kaina bai warware ba. In an tambaye ni abin da ya ɗauke ta, iska nake cewa, ina roƙon Allah kada a ce wacce.