Ranar da Muka Fito da Injunanmu

Shekara tara na yi ina markaɗe da injin fetur a ƙauyenmu, kusa da garin Babban Mutum, har kafaɗata ta dama ta fi ta hagu kauri don jan igiya. Shi ya sa da aka ce wani kamfani zai kafa mana wutar sola ta gari guda, da turakunta da wayoyinta, ba sai mun jira babban layi ba, sai da na rangaɗa guɗa a tsakar gida.

Sai ga ma'aikatansu da takardu, gida-gida, suna tambayar wa ke da inji, wa ke da firji, wa ke da keken ɗinki. To mu fa tun kaka da kakanni, in baƙo mai biro ya tambayi abin da ka mallaka, haraji ne ke tafe. Kafin azahar gari ya talauce tas. Mai walda ya ce shi noma kaɗai ya sani. Teloli suka ɓoye kekuna a ɗakunan matansu. Ni ma ba zan wanke kaina ba, ni da maigidana muka kinkimi injina muka cusa bayan rumbu, muka rufe da zana.

A cikin baƙin akwai wata injiniya, ta shigo gidanmu neman wurin sallah. Da ta idar, ta zauna tana kallon baƙin man da ya ɓata ƙasa a mazaunin injin. Na ce mata ai tsohon tabo ne. Ba ta musa ba. Ta dai ce abin da suka rubuta ya nuna garin nan fitila da cajin waya kawai yake bukata, kuma kamfani ba ya kafa tasha don fitila. Masu injuna su ke shan wuta da rana, su ne kasuwar. Hukuma kuma ba ta ba da izini sai an kai mata yarjejeniyar da gari ya sa wa hannu, har da farashin da aka daidaita. Gobe za su wuce ƙauyen gaba.

"Inna, in babu inji, babu wuta," in ji ta.

Ƙauyen gaba, mutanen da har niƙa mu muke yi musu! Raina ya ɓaci, kuma kaina na fi jin haushi. Na yaye zanar nan a gabanta, na zari mayafi, sai gidan mai gari. Ta wurin uwargidansa na shiga, na durƙusa a gabansa, ko gaisuwar kirki ban ƙarasa ba.

"Ranka ya daɗe, mun ɓoye arzikinmu, mun kori wutarmu."

Ya sa aka yi shela kowa ya fito da injinsa.

Kai, washegari zo ka ga kallo. Amalanken shanu na ta sauke kaya a ƙofar mai gari: injunan niƙa, na ban ruwa, na walda, kekunan ɗinki, har da firjin wata amarya da ba a taɓa kunnawa ba, yana cikin kwalinsa. Waɗanda jiya suka ce ko rediyo ba su da shi, yau suna ture juna don a rubuta su. Muka yi ta tsokanar mai walda da noman nasa, shi ma yana dariya. Injiniyar nan ta rubuta har takardarta ta cika, ta juya bayanta ta ci gaba. Aka kai ruwa rana a kan farashi, aka daidaita, mai gari ya dangwala yatsa.

Izinin ya ɗauki watanni, kullum ina fargabar kada a fasa. Ranar da wuta ta zo, an riga an ɗaura wa injina sabuwar na'ura mai juya shi da lantarki. Mata sun cika gidan da robobin wake. Na gyara tsayuwa, na naɗe hannun riga kamar kullum, sai injiniyar nan ta nuna mini wani ɗan maɓalli kore. Da ɗan yatsa ɗaya na taɓa shi, injin ya tashi. Na tsaya da hannu a sake, ban san abin da zan yi da shi ba, sai hawaye.