Tasso Uban Saun

A tsibirin Paama babu wanda bai san muryar Tasso ba, har kurame. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka in an ga gishiri ya yi yawa a labarin nan, hakkina ne na gado. An ce ran da aka haife shi, kukan farko da ya tsala sai da kwakwa ta zubo daga bishiya, kaji suka yi yajin ƙwai. Da ya girma, fasto da kansa ya roƙe shi ya riƙa waƙar coci daga gindin mangwaro, don Ubangiji ya samu ya ji sauran bayinsa.

Abu ɗaya Tasso ke so a duniya: aiki a jirgin ruwa. Ya riga ya cika wa gari baki cewa in ya tafi, ba zai dawo ba sai da farar hular 'yan jirgi. Mu kuwa taubasai muka tanadi dariya muna jiran ya dawo kai ba hula.

Rannan sai ga Leimara, jirgin da ke zagaya tsibirai yana kwasar busasshiyar kwakwa. Mai jirgin, Kyaftin Kaltang, ya sauko yana neman ma'aikaci. Ya dubi Tasso sama da ƙasa.

"Kai, dogo, ka iya saun?"

To, kalmar nan ta Turawa ce, kuma da fuska biyu ta shigo bakinmu. A tudu, saun ƙara ce, irin ta ganga ko ta rediyo. A ruwa kuwa, saun shi ne a jefa dalma ɗaure da igiya a ji zurfi, kada jirgi ya hau dutse. Tasso ta tudu kaɗai ya sani.

"Saun? Kyaftin, tun ina zanen goyo nake yi. Tambayi garin nan."

Gari ya amsa baki ɗaya: "Gaskiya ne, ya iya! Don Allah ku tafi da shi."

Kyaftin ya ce, "In na kama ka da ƙarya, duk tsibirin da muke a nan zan sauke ka."

Aka miƙa masa igiya mai dalma a baki da tsummoki a jiki. Ya juya ta, ya yanke cewa ta ɗaure alade ce. Tambaya kuwa ba ya yi, wai kada a raina shi.

Da hantsi suka doshi wani lungu na tsibirin Malakula. An kwana ana ruwa, teku ta yi ja kamar shayi da madara, ba a ganin duwatsun murjani. Kyaftin ya rage gudu, ya leƙo.

"Tasso! Saun!"

Tasso ya ce a ransa yau ranar ce. Ya ajiye igiya, ya dafe ƙugu, ya ja numfashi, ya saki ihu. Tsuntsaye suka tashi daga dutse. Sumbe mai dafa abinci ya kifar da tukunyar doya.

"Me ya cije ka? Saun na ce, ɗan banza!"

"Bai isa ba, Kyaftin? Akwai saura!"

Ya ƙara wani da ya fi na farko. Bai rufe baki ba Leimara ya yi gurnani ya zauna daram a kan yashi, kamar tsohuwa ta samu tabarma.

Kyaftin ya iso a fusace. "Gaba nawa ka samu?"

"Gaba da wa, Kyaftin? Ni ba na gaba da kowa."

Sumbe ya ce, "Zurfi ake tambayarka, kan kabewa! Igiyar nan ta ado ce?"

Nan Tasso ya gane. Ya dubi tsibirin da za a yar da shi, ya tuna mu da dariyarmu.

"Tattara tabarmarka," in ji Kyaftin.

Sai ga kwale-kwale ta ko'ina. Mutanen bakin ruwa da na kan tudu sun fito kaf, wasu da adda, wasu mata har sun fara kukan mutuwa. Wani dattijon garin ya ɗaga kai ya ce, "Kaltang, wa ya rasu? Ko sabon ƙaho ka sayo?"

Ashe ƙahon jirgin ya daɗe da mutuwa, kullum sai Kyaftin ya yini yana aike kafin mutane su sauko da kwakwarsu. Yau ga su duka tun rana ba ta yi tsaka ba. Suka rage wa jirgi kaya, ruwa ya ciko, aka ja shi ya tashi.

Kyaftin ya daɗe yana susar gemu. Can ya ce, "Ajiye tabarmar. Daga yau kai ne ƙaho. Igiya kuma Sumbe zai koya maka, da bakinka a rufe."

Haka Tasso ya tsufa a Leimara yana saun biyu, na dalma da na maƙogwaro. Ya dawo gida da hula, muka haɗiye dariyarmu ba ruwa.

Gab da zai bar aiki aka kawo wa jirgin injin auna zurfi. Ya tambayi makanike yadda yake yi.

"Baba, ƙara yake aikawa cikin ruwa, ya saurari dawowarta."

Tasso ya buga cinya. "To ni me na yi a Malakula? Kaltang ne bai tsaya ya saurara ba!"

Har yau yana gindin mangwaro da hularsa, yana gaya wa duk mai wucewa cewa Turawa sun sace masa dabara. Mutanen tsibirin da ke tsallake ma sun ji ƙarar da ya shigar, ba tare da an aika musu ba.