Hannun da Ya Rage a Kafaɗata

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Baba Istifanus takardar gayyatar taron coci ya san abin da zai biyo baya. Ba ya fara karantawa. Sai ya laluba aljihun rigarsa, ya zaro tef ɗin awonsa, wannan mai ruwan ɗorawa da lambobinsa suka fara gogewa, ya shimfiɗa takardar a cinya, ya ce, “Bari mu auna.” Ya auna fuskar mai wa’azi daga haɓa zuwa goshi, ya auna sunan Yesu, sannan ya ɗaga kai ya faɗi sakamako kamar mai karanta labarai a rediyo: “Fasto inci bakwai, Mai Ceto inci ɗaya da rabi. To, Allah ya ƙara wa Mai Ceto girma.” Da zamani ya juya aka koma turo gayyata ta waya, muka ce shi ke nan, tef ya yi ritaya. Ina! Sai ya riƙa ɗora shi a kan gilashin wayar.

An ce ni ne zan rubuta wani abu a kansa, na kuma daɗe ina tambayar kaina ko na cancanta. A shekarun da nake magana a kansu, ni ne magatakardan dattawan ikilisiyarmu ta masu jin Hausa a nan Doha, ni ne kuma shugaban kwamitin sanarwa. Wato yawancin takardun da yake aunawa, ni na sa aka buga su. Akwai kuma dalili na biyu, wanda kun san shi amma kuka yi mini kara ba ku taɓa tayar da shi a gabana ba: ’yata Rahila, wadda ita kaɗai Allah ya ba mu. Ta bar gidan mijinta a Nijeriya bayan ya sha dukanta, ta dawo Doha ta sami aikin jinya. Dattawa suka zauna, suka sa ta cikin horo: za ta zauna a bencin baya, ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, sai ranar da ta koma ɗakinta. Ni na tashi a gaban jama’a na karanta wannan hukunci da bakina, muryata kuwa ba ta yi rawa ba, har na yi alfahari da hakan. Daga ranar ta kama ɗaki a Mu’aither, ni ina Al Mirqab, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, amma ba mai taka gidan wani. Kowace Juma’a, ranar sujadarmu a ƙasar nan, tana zaune a baya tana kallon ƙeyata.

Baba Istifanus mutumin ƙasar Malumfashi ne. A gida da buroshi da fenti yake rubuta alluna, a nan kuma ya koyi kwamfuta da furfura a kansa, yana aiki a wani shagon buga alluna a Sanaiya, tsakanin garejoji da masu walda. Kun san dokar ƙasar: majami’unmu suna cikin haraba guda, ba gicciye a waje, ba ƙararrawa, ba allo a bakin titi. Mu muna ƙorafi a kan haka, shi kuwa murna yake yi. Wata rana muna shan shayin karak bayan sujada, wani ya ce ai a gida da tuni mun cika gari da alluna. Baba ya ce, “To ai gata aka yi mana. Sun karɓe allo sun bar mu da halinmu. Shi kuwa hali, shekara talatin ina wannan sana’a, ban ga injin da yake buga shi ba.”

Kun tuna mai bisharan nan da muka gayyato daga gida don taron farkaswa? Ba zan ambaci sunansa ba, yana nan da ransa. Tun kafin ya sauka ya turo mini hotuna da umarni: a haska masa fuska kaɗan, a sa dogayen benayen Doha a bayansa, a ƙasa kuma a sa wani hoton dubban mutane hannuwa a sama, a rubuta cewa waɗanda suka tuba ne a taronsa na baya. Ranar da ya iso na kai shi shagon ya ga aikin da idonsa. Baba ya gaishe shi da ladabi, ya ba shi kujera, ya buɗe hoton taron a kwamfuta, ya yi ta ƙara masa girma har fuskoki suka fito.

“Fasto, waɗannan duk sun tuba?”

“Dukansu, Baba! Ruhu ya sauko da iko a ranar.”

“Madalla. To wannan mai fentin kore da fari a kumatu fa? Da wannan mai busa ƙaho? Ga kuma wani can a gefe da tuta a hannu yana nuna an yi satar gida.”

Mai bishara ya yi tari, ya ce mai yiwuwa sakatarensa ne ya haɗa hotuna. Baba ya gyaɗa kai cike da tausayi. “Haka ne, sakatarori sun lalace. Amma a bari in gama, ina so in ga ko wa ya ci wasan.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanya na kira Baba na yi masa faɗa, na ce ya kunyata baƙon ikilisiya. Ya ce, “Injiniya, kai da kake gina gada, in aka ce ka rubuta ƙarfe goma alhali biyar ka sa, za ka sa hannu?” Na ce ai wannan daban. Ya ce, “Haka ne, daban ne. A gada mota ce kawai take faɗawa.”

An buga ƙyallen tallan ba tare da ’yan kallon ƙwallo ba, amma fuskar ta ci incinta bakwai har da ɗoriya. Da aka gama taro, Baba ya naɗe shi ya tafi da shi, domin ba ya yarda a zubar da komai. Tsohon ƙyallen talla a wurinsa shi ne ledar cin abinci, shi ne murfin injin, shi ne shimfiɗar takalma. Bayan wata guda na je gaishe shi a masaukinsu na ma’aikata, sai na tarar da mai bishara a manne a taga, fuskarsa tana kallon waje. Abokin ɗakin Baba, Malam Sale direba, Musulmi ne mutumin Gumel, shekara da shekaru suna tare suna tsokanar juna. Ya ce mini, “Injiniya, ka yi wa dattijon nan magana. Na dawo daga aiki na ga ƙato yana leƙowa ta tagarmu, saura kaɗan in yi salati in zura da gudu!”

Baba ya ce, “Rabu da shi. Tun da na sa shi ɗakin ya yi sanyi. An rubuta a jikinsa wai zai kawo sauƙi ga masu wahala, ga shi kuwa ya kawo. Wannan ne alkawarin talla na farko da na ga ya cika.”

A majami’a kuwa, tun ranar da aka sa Rahila cikin horo, Baba ya bar kujerarsa ta gaba inda tsofaffi suke zama, ya koma bencin baya kusa da ita. Dattawa suka aike ni in tambaye shi dalili, domin bencin na masu horo ne. Ya ce, “A nan na’urar sanyi ta fi bugowa. Ku dai ku zauna a gaba ku yi ta gumi.” Na kai musu amsar kamar yadda ya faɗa. A raina na san ba sanyi ya kai shi ba, amma na ga ya fi mini sauƙi in yarda.

Sai makon iyali ya zo. Dattawa suka ce a bana hoton gidan magatakarda za a sa a babban ƙyallen da za a rataya a gaban majami’a daga ciki, a rubuta “Gida Mai Tsoron Allah”, ni kuma in yi jawabin buɗewa. Hoton kirki guda ɗaya muke da shi, wanda aka ɗauka ranar da Rahila ta gama makarantar jinya: ni da mahaifiyarta muna zaune, ita tana tsaye a bayanmu. Ban gaya wa mahaifiyarta abin da na ƙudura ba. Na ɗauki hoton da tsakar rana na nufi Sanaiya.

Na ce, “Baba, ga hoton. Sai dai a cire ta baya.”

“Wa ke nan?”

“Ka san wadda nake nufi.”

“Ni na sani, amma kwamfuta ba ta sani ba. Faɗi sunan.”

Na tsaya ina kallon bango. Ni da nake jawabi a gaban manyan kamfani da Turanci ba gargada, sunan da na raɗa da kaina ya maƙale mini. Da ƙyar na ce, “Rahila.” Ya daɗe yana dubana ta saman tabarau. Na jira faɗa, na ma shirya ayoyin da zan kare kaina da su. Bai yi ba. Ya ce, “Halas, shi ke nan, Injiniya. A aiko a karɓa ran Alhamis.”

Ban duba aikin ba, a naɗe aka kawo shi, wasu kuma suka rataya shi da safiyar Juma’a. Na hau mumbari da takardar jawabina, shafi huɗu a kan tarbiyya da biyayya. Ban gama gaisuwa ba na ji ƙus-ƙus daga ɓangaren mata. Sai shugabar zumuntar mata, wadda kun san ba ta iya raɗa ba, ta ce, “Injiniya, gafara dai, hannun wa ne wannan a kafaɗarka? Ko mala’ika ne ya shigo hoto?”

Na juya. Ga ni nan inci ban san nawa ba, ga mahaifiyar Rahila, bayanmu fes, an cike gurbin da labule kamar ba a taɓa tsayawa a wurin ba. Amma a kafaɗata ta dama ga yatsu huɗu, da jan lalle a farcensu, sun dafa ni. Hannu ba mai shi.

Daga bencin baya muryar Baba ta taso, ba ko gaggawa. “A yi mini haƙuri, jama’a, laifina ne. Sau uku ina gwadawa. Duk lokacin da na goge hannun, sai kafaɗar ta bi shi.”

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Mahaifiyarta ta rufe fuska da gyale. Ni injiniya ne, na san abin da kwamfuta za ta iya, na san mutumin da ya ƙirƙiro labule daga babu ba yatsu huɗu ne za su gagare shi ba. Na duba can baya. Rahila ba ƙyallen take kallo ba, hannunta take kallo a kan cinyarta.

Zan so in ce muku wata babbar magana ta zo mini a lokacin, amma ƙarya ce, kuma ba a rubutun Baba Istifanus zan yi ta ba. Ba abin da ya zo mini sai kunya. Na ninke shafukan nan huɗu, na sauko, na bi tsakiyar majami’a, ban san inda zan tsaya ba har na kai ƙarshe. Bencin a cike yake da su biyu da jakunkuna. Baba ya zaro tef, ya ja shi a kan katakon da ya rage, ya duba da kyau. “Inci goma sha takwas. Ya ishi dattijo guda in ya rage girman kai. Yalla, maza, jikata, matsa masa.”

Na zauna. Aka ɗauki waƙa don a rufe shirun. Can sai Rahila ta matso, ta yi magana ƙasa-ƙasa, kalmarta ta farko gare ni cikin wata goma sha ɗaya: “Baba, ka danne mini gyale.” Na ɗaga, ta janye. Ba ta mayar da hannun cinyarta ba. Ta ɗora shi a kafaɗata, ta bar shi inda yake a hoton.

Abin da ya biyo baya kun san shi, bai kuma zo da sauƙi ba. An yi zama bayan zama. An sauke ni daga magatakarda, na kuma ga daidai ne. Gida biyu suka bar mu, har yau ina gaishe su. Amma a ƙarshe dattawa suka saurari Rahila da kanta, abin da ba mu yi ba tun farko, aka ɗage horon, ta ci Jibi tana tsakanina da mahaifiyarta. Har yanzu ina tambayar kaina yadda na iya haddace ayoyi masu yawa haka a kan aure, ban taɓa tambayar ’yata inda yake mata ciwo ba.

Bara ƙarfin Baba Istifanus ya ragu, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya sallame shi da mutunci, ya koma gida. Watan jiya labari ya zo cewa ya huta, bayan ’yar gajeriyar jinya, a cikin ’ya’yansa. Kwamiti ya zauna don shirya takardar sujadar tunawa da shi, har an fara kawo shawarar a rubuta “Jarumin Bangaskiya” da “Babban Bango Ya Faɗi”, sai ga Malam Sale a bakin ƙofar haraba yana nemana. Ya miƙo mini wani ƙunshi, idonsa ya yi ja. “Ya ce in ajiye, in an ji ya tafi in ba ka. Wai hoton katin zamansa za a sa, kada ya wuce inci ɗaya. Ya ce in kun ƙara ko rabi, zai sani.”

Tef ɗin ne a ciki. Takardar da take hannunku yau Rahila ce ta tsara ta, ni kuma na auna: Baba Istifanus inci ɗaya, Mai Ceto inci bakwai. Wanda bai yarda ba ya zo bencin baya, a nan nake zama yanzu, na’urar sanyin kuwa ba ta ko kaiwa wurin.

Ya Ubangiji, ga bawanka ya iso gare ka ba tare da an haska masa fuska ba. Ka karɓe shi yadda yake, ka ba shi hutu, ka ta’azantar da iyalinsa da Malam Sale. Mu kuma da muka rage, ranar da za ka auna mu, ka auna mu da jinƙai, har mu sadu da shi a ƙafafun Yesu. Amin.