Agogon Odell Pettway

Odell Pettway direban motar kwashe shara ne a wani ƙaramin gari na gabashin Texas, amma idan ka tambaye shi ko shi wane ne, labarin gudun yadi arba'in zai ba ka. Yana saurayi mai horar da su ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ya auna gudunsa da agogon hannu, ya faɗa masa ya yi gudun da ko zakarun duniya ba su taɓa yi ba. Tun ranar Odell bai sake saukowa ƙasa ba.

Matarsa Gwendolyn ta yi tsere a makaranta, ta san yadda ake wannan awo. Ba bindigar fara gudu, ba na'urar awo. Sai yaro ya riga ya zabura sannan a danna agogo, a kuma tsayar tun bai taka layi ba. Abin haushi yake ba ta.

"Haba Odell, babban yatsan mutumin nan ne ya yi gudun, ba kai ba," in ji ta.

"Hassada ce kawai," in ji shi. "'Yan tseren nan naku, a sa musu kwalkwali mu gani!"

Da a baki abin ya tsaya da sauƙi. Ɗansu Lamont ya taso siriri, ba mai kamo shi a mita ɗari biyu duk yankin. Wata mai horarwa daga jami'a har ta fara kiran waya, tana maganar ɗaukar nauyin karatunsa. Gidan kuwa ba su da wata hanyar jami'a sai wannan.

Odell ya ce a'a, ɗansa ba zai ƙare a zagaye fili da ɗan kamfai ba. Zari-ruga zai buga, kuma sai ya yi jiki. Aka shiga ɗura: haƙarƙari, dankali, madara da man gyaɗa a kofi ɗaya. Gwendolyn takan ji yaron yana kakarin amai a banɗaki, uban na ƙwanƙwasa ƙofa da wani kofin. Da yamma ya kai shi bayan coci ya auna gudunsa da agogon hannu, ya dawo yana washe baki wai kullum ƙara sauri yake. Ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta ɓoye madarar. Lamont kuwa son ubansa yake, ya shanye.

Kakar ƙwallo ta wuce, rabinta a benci ya yi. Da lokacin tsere ya zagayo, aka jera su, aka harba bindiga. Gwendolyn tana kallon cinyoyinsa suna gogar juna a kwana. Na shida ya zo. Mai horarwar nan ta jami'a ta sauko daga mazauninta, ta wuce su da ɗan murmushi, ta je ta miƙa wa iyayen wani yaro hannu.

"Na'urarsu ce ta lalace!" Odell ya ɗaga murya, ko kunya babu. Ya tafi neman alƙalin tsere.

Lamont ya zauna a kan ciyawa yana kwance igiyar takalmi, bai ɗago ba.

"Mama, ke dai ba kya min ƙarya. Na rage gudu, ko?"

Ta so ƙwarai ta ce iska ce ta yi masa yawa.

"Ka rage," in ji ta.