Batura a Cikin Kular Abinci

A tashar Ƙanƙara wata budurwa tana zaune kusa da ni, da kular abinci a cinyarta. Hijabinta ruwan toka ne, gefen farcenta baƙi kamar na mai gyaran keke. Ina jin ɗiyar manomi ce daga Pauwa, wadda masara ta kai jami'a.

Ɗan kamasho ya miƙo hannu zai jefa kular a but ɗin mota.

"Hajiya, tuwon ne ba ki so ya huce?"

"Batura ne, Malam. In suka sha zafin but, aikin digirina ya lalace."

Ta buɗe masa. Ƙanana ne kamar kwabo, kwance cikin auduga. Ta ce ita ta haɗa su, ta shafa musu wata baƙar roba a ciki wadda lantarki ke bi, don su daɗe suna karɓar caji.

A makarantar mishan Bature ya koya mana cewa lantarki ba ya bin roba. Ni na zo na ɗaya a darasin, na kuma karantar da shi har na yi ritaya. Ɗakin gwaji kuwa a hoto na san shi. Ita tana bayani ba ɗoki, kamar mai faɗin yadda ake dama fura, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Motarsu ta cika, tawa kuwa da saura.

"Baba, riƙe mini in hau."

Na karɓa da hannu biyu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Budurwar ta zauna, ta miƙo hannu ta taga, amma sai da direba ya yi hon sannan na saki kular.