Zubairu Ba Ya Gaisuwa Sai Ya Duba Mota

Idan ka tambayi mutanen Talata Mafara wane ne ya fi kowa rashin tarbiyya a garin, rabinsu Zubairu bakanike za su nuna maka. Ni ma da hannuna zan nuna shi, kuma ina da iko, don taubashina ne. Uwarsa ƙanwar babana ce, saboda haka bawana ne tun ranar da aka yanke masa cibiya, duk da ya girme ni da shekara tara kuma furfura ta fara cin gemunsa. Ni ce Taibatu, a Maradun nake, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'ata.

Garejinsa bai wuce rumfar kwano da gindin dalbejiya ba. Gyara yana yi, babu laifi, amma abin da ya kai sunansa har Bakura da ƙauyukan Maradun shi ne rakiya. Tun da mutane suka koyi sayen mota ta waya, mutum ya ga hoto a Fesbuk ransa ya biya, ya tura kafin alƙalami bai taɓa ko madubinta ba, duk mai sauran hankali ranar karɓa sai ya biya ya ɗauki Zubairu.

To ga inda rashin tarbiyyar take. A ƙasar nan da mutum zai tambaye ka kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa, da shanun da ba ka da su, Zubairu idan ya sauka gidan mai mota sallama kawai yake yi ya wuce. Ba ya miƙa hannu, ba ya zama a tabarma, ko ruwa aka kawo ba ya kallonsa. Kai tsaye zai je ya ɗora tafin hannu a kan murfin inji. In ya ji ɗumi, sai ya ce an tayar da ita kafin mu zo don kada mu ji yadda take tari da sanyi, a bar ta ta huce. Daga nan ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, in ya ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ya san ruwa ya shiga inji. Yana da ɗan maganaɗisu a aljihu da yake bin jikin mota da shi, duk inda ya ƙi kamawa ya san an yi hatsari an cike wurin an shafe da fenti. Lambar jikin mota kuwa sai ya karanta ta harafi-harafi ya gwada da ta takardu, har da na kwastan, shi da karatun boko bai wuce aji huɗu ba. Ya nemi makulli na biyu, da jak, da safaya, ya kwanta ya shige ƙarƙashi da tocila, ya sa a taka totur yana tsaye a baya yana kallon hayaƙi. Sai ya gama duk wannan, ya kakkaɓe riga, sannan ya juyo ya ce wa mai gida ina kwana, wani lokaci ana kiran azahar.

Na taɓa tambayarsa ko a daji aka raine shi. Ya ce a'a, kaza ce ta koya masa. Wai yana saurayi maigidansa ya aike shi Gusau karɓo mota, mai motar ya tarbe shi da gaisuwa mai tsawo, ya sa aka yanka masa kaza, aka kawo tuwon shinkafa. Da ya ci ya ƙoshi sai kunya ta hana shi leƙa ƙarƙashin motar mutumin da ya ciyar da shi. Ya karɓi makulli ya yi godiya, kafin ya iso gida giyar motar ta watse a hanya. Maigidan ya kore shi. Tun daga ranar ya ce shi ba zai ƙara barin kunya ta riga shi isa wurin mota ba.

Mutum irin wannan ba ka zaton wata za ta so shi, amma Allah ba ya barin bawansa. Matarsa ta rasu shekara shida, 'ya'yansa sun watse gidajensu, yana kwana da sifana yana tashi da sifana, sai ga Kausar. Bazawara ce, 'yar Alhaji Jibrin na Bakura, tana ɗinki a gidan ubanta. A garejin suka haɗu ranar da motar hayar da ta hau ta lalace, ta gaishe shi bai amsa ba, ta ce masa ashe kurame ma suna gyaran mota. Zubairu ya yi dariya, abin da ni ban ji ba tun rasuwar matarsa. Bayan wata uku ya sayi turare. Wallahi na ga kwalbar da idona, ya ɓoye ta a cikin akwatin kayan aiki. An kai gaisuwa, manya sun shiga magana, an ce bayan girbi za a ɗaura.

Ana cikin haka ni kuma na gaji da ɗora jarkokin mai a kan babur zuwa kasuwar Mafara duk Talata. Na sayar da bijimai biyu da na kiwata, maigidana Mas'udu ya nemo mana wata farar mota mai dogon baya a Fesbuk. Mas'udu mutumin kirki ne, amma a mota ƙaho kawai ya sani. Shafin ba sunan mutum a kai, sai lambar waya, muka tura kafin alƙalami, mai wayar ya ce mu same shi Bakura ranar Alhamis da hantsi. Muka biya muka ɗauki bawana.

Muna shiga Bakura ana yi mana kwatance ta waya. Aka ce mu wuce kasuwa, Zubairu yana ta surutu. Aka ce mu yi dama wajen masallaci, ya rage. Aka ce gida mai koren ƙyaure, sai na ga ya cire hularsa ya kakkaɓe ya mayar. Ƙofar gidan Alhaji Jibrin muka tsaya. Mai motar Fa'izu ne, ƙanen Kausar da ke zaune Gusau, kuma ba banza ya kawo ta ƙofar gidan ubansa ba. Ya san babu mai kwanciya ƙarƙashin mota dattijo yana zaune a kan buzu yana kallo. Abin da bai sani ba shi ne wanda za mu zo da shi.

Jama'a, ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Zubairu ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Ya tambayi Alhaji kwana, da gajiya, da iyali, da ƙafa, da damina, ya dawo ya sake tambayar kwanan. Gaisuwar shekara ashirin da ya tara duk ya juye ta a wurin. Motar tana gefe an wanke ta tana sheƙi, ko kallonta bai yi ba. Can sai ga fura daga cikin gida a kwano mai murfi, aka ce Kausar ce ta dama da hannunta. Ya juya wa surukinsa baya ya sha ludayi uku. Na ce a raina, shi ke nan Taibatu, bijimanki sun tafi.

Alhaji Jibrin dattijo ne na gaske, ba ya ƙarya, sai dai shi ma abin da ɗansa ya gaya masa ya sani. Ya ce ya hau motar jiya har gona, lafiyarta lau, shi ne shaida, kuma tun da abin ya zama na gida ba sai an tsaya dube-dube ba. Mas'udu ya ce haka ne, Baba. Na harare shi, na matsa kusa da Zubairu na ce masa a hankali, bawa, aikinka fa. Ya yi kamar bai ji ba.

Fa'izu ya miƙa makulli ya ce a ɗan zaga da ita. Zubairu ya shiga ya zauna, ni ina baya. Sai ya kama bel ɗin kujera. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaura bel ba ko a gaban jami'an hanya, ya ja shi a hankali, ya ci gaba da ja har ya ƙare. Can ƙarshensa, inda ba a gani, ga busasshen laka da layin ruwa ja-ja. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya shafo tsatsa. Ya daɗe yana kallon yatsunsa. Ni dai tausayinsa ya kama ni, har na buɗe baki in ce ya bari, mu koma gida mu san dabarar fasawa ta waya, amma Mas'udu ya riga ya ciro waya zai tura sauran kuɗin.

Zubairu ya fita. Ya buɗe but, ya ɗaga safaya, yashi kwance a ramin. Ya kwanta da sabuwar shaddarsa ya shige ƙarƙashi, dattijo yana kallon tafin ƙafarsa. Da ya fito ya koma ya durƙusa inda ya tashi.

"Baba, a gafarce ni. Wagga mota ruwa ya ci ta har sitiyari. Yau tana tahiya, wata biyu wayoyinta za su fara mutuwa ɗaya-ɗaya."

Alhaji ya ce, "Na ce maka ni ne shaida."

"Na ji, Baba. Ba ka sani ba ne."

Mutane sun taru a lokacin, maƙwabta da masu wucewa. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya sa Fa'izu ya mayar mana da kafin alƙalaminmu a take, ya naɗe buzunsa, ya shiga gida bai yi mana sallama ba. Kwanon furar yana nan a ƙasa da ludayi a ciki. Bayan kwana tara aka dawo wa Zubairu da kayan gaisuwarsa, aka ce Alhaji ba zai haɗa zuri'a da wanda ya ƙaryata shi a ƙofar gidansa ba. An ce Kausar ta yi kuka. An kuma ce Fa'izu ya sha faɗa, amma ɗa ba a mayar da shi.

Zubairu bai taɓa yi mini maganar ba. Shi ya nemo mini wata motar, mummuna, shuɗiya, ƙofa ɗaya ba ta buɗuwa sai daga waje, har yau ko tari ba ta yi ba. Farar kuwa labari ya bazu, ba wanda ya taya, ta zauna a Bakura.

Bayan wata biyar ina garejin ana canza mini baƙin mai, sai ga farar motar nan ta Fa'izu ana turo ta. Yanzu saboda halin da hanya take ciki da rana ake kai amarya, kuma Kausar ce a baya da gwaggonta, za a kai ta gidan wani ɗan kasuwa a nan cikin Mafara. Motar ta rasa inda za ta mutu sai taku hamsin daga rumfar Zubairu. Zolaya ta zo mini har baki, na haɗiye ta.

Ya tashi ya wanke hannu da sabulu. Bai je wajen inji ba, ƙofar baya ya nufa. Gilashin ya ƙi sauka, sai da gwaggon ta buɗe ƙofa. Ya rusuna ya gaishe su, gaisuwa cikakkiya, ya yi addu'ar zaman lafiya. Kausar ta amsa daga cikin mayafi, murya ƙasa-ƙasa. Fa'izu yana gefe yana sosa ƙeya, ya ce don Allah a duba musu ita.

"Na riga na duba ta," in ji Zubairu.

Duk da haka ya buɗe murfin, ya kankare wasu wayoyi, ya haɗa biyu ya naɗe, ta tashi. Ya gaya wa Fa'izu kada ya kashe ta sai sun isa ƙofar gida. Suka ja suka tafi. Shi kuma ya tsaya a tsakiyar titi, babura suna kauce masa, yana bin ta da kallo har ta kusa shan kwana. Na ce, Zubairu, me kake kallo?

"Hayaƙi nika dubawa," ya ce.

Na duba ni ma. Motar ba ta fitar da hayaƙi ko kaɗan.